Akuyar Yaya da Bangon Tayil

A gidan gado babu bangon da yake na mutum ɗaya. Wanda kake kira bangon banɗakinka, ta ɗaya gefen shi ne bangon garken awakin yayanka. Haka namu yake a Bebeji: ginin jar ƙasa ne mai kauri, an shafe fuskarsa da siminti don a rufa masa asiri.

Fitinar daga gidan suna ta taso. Uwargida ta je wurin ƙanwarta a Hotoro, ta dawo tana cewa, "Malam, banɗakinsu har fuskarka kake gani a bango." Na ce ai muna da madubi. Tuwon daren nan ya zo babu man shanu, na gane an shigar da ƙara.

Na kira Baba birkila, dattijon da ke cewa ya ɗauki kwano a aikin madatsar Tiga zamanin Audu Bako har aka gama a 1974, wanda tun daga nan bai sake ganin ginin da ya burge shi ba. Ya ƙwanƙwasa bangon da gindin cokalinsa, ya kasa kunne, ya girgiza kai.

"Ɗana, wannan filastar ikon Allah ne kawai ke riƙe da ita. Ƙasa tana shan ruwa ta kumbura da damina, ta tsuke da hunturu, siminti kuwa ba ya bin ta. Ka ɗora masa nauyin tayil, tare za su sauko. A rushe, a tayar da bulo inci 6, a yi filasta da yashi mai kyau, a karce fuskarta tun tana ɗanya don tayil ya sami abin kamawa, a yi mako ana ba ta ruwa."

Kalmar "rushe" kaɗai ta tsallaka katanga. Yaya ya leƙo da buta a hannu ya ce bangon da mahaifinmu ya gina da guminsa, sai dai bayan ransa.

Kafintan unguwa ya ba da shawarar a rufe bangon da falankin katako. Baba birkila ya tambaye shi ko gara ce ta aiko shi, aka bar maganar.

Ana cikin haka ɗan yayata ya zo hutu daga Abuja, inda yake aikin silin. "Kawu, duniya ta wuce wannan wahalar. A Turai allo ake kafawa a jikin bango, a manna tayil a kai." Ya nuna min a wayarsa, kuma gaskiyarsa, haka ake yi. Sai dai allon da Baturen ke kafawa na siminti ne mai zare a ciki, wanda ruwa ba ya narkar da shi. Yana liƙe mahaɗar allunan, ya shafe su da maganin hana ruwa wucewa, sannan ya manna tayil da gam na musamman, shafi siriri. Duk wannan yana cikin bidiyon. Yaron ne yake tura shi gaba da yatsa don kada data ta ƙare.

A kasuwar Ƙofar Ruwa aka faɗa min kuɗin allon simintin, na yi salati a fili. Yaron ya ja ni gefe ya nuna min wani fari fat, ƙafa 4 da ƙafa 8, ya ce ƙanen wancan ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai shago ya ce, "Alhaji, silin za a yi ko?" Kafin in buɗe baki yaron ya amsa da "eh", ni kuma Alhajin da aka kira ni ya ɗauke min hankali, don ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Shi farin allon nan, farar ƙasa ce irin ta alli aka matse tsakanin takarda biyu. Takarda dai da kuka sani.

Mai tayil ya zo ya yi aikinsa yadda ya gada. Ya jiƙa tayil mai santimita 25 da 40 a baho, don busasshe yakan zuƙe ruwan kwaɓi ya hana shi kamawa, sannan ya riƙa lafta siminti mai kauri a bayan kowanne yana manna wa takarda. Ruwa ta gaba ke nan, ga danshin ƙasa ta baya, ga shi siminti da wannan farar ƙasa ba sa ga maciji. Na tambaye shi ko allon zai ɗauka. Ya ce, "Oga, ni tayil aka kira ni, ba a kira ni bango ba."

A faɗi gaskiya, ya yi kyau. Maƙwabta sun shigo kallo, man shanu ya dawo.

Sai watan Agusta ya kama, kuma mu nan kudu ruwanmu ya fi na birni. Bango ya fara turo ciki kamar mai wata bakwai. Da dare kuma sai a riƙa jin ƙus-ƙus a bayan tayil. Uwargida ta ce dama banɗaki mazaunin aljanu ne, mun yi musu gyara ba mu nemi izini ba. Aka yi hayaƙi, aka yayyafa rubutu. Wayar ɗan yayata kuwa kullum a kashe.

A wannan makon surukina ya taso daga Doguwa, ya ratso dajin Falgore, ya iso a gajiye. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ido ba ma haɗawa. 'Yarsa ta kai masa ruwan wanka sabon banɗaki da alfahari. Muna zaune a tsakar gida muka ji rugugi, sai salati, sai wata murya ta uku ta ce "meee".

Ashe ruwa ya zaizaye gindin bangon ta gefen garke, akuyar Yaya ta faɗaɗa ramin, ta tarar da takarda mai laushi, ta mai da wurin gidan cin abincinta. Allon da aka cinye wa baya ga shi ya sha ruwa, ya zama kunu. Tayil ya sauko gaba ɗaya, akuya ta zuro kai da guntun takarda a baki tana kallon surukina, shi kuma sabulu a ido.

Wa zai shiga? Ni suruki ne, ita 'ya ce. Na tsaya a bakin ƙofa ina ta "Sannu Baba, Allah ya kiyaye gaba." Can ya ce cikin natsuwa, "A miƙo min zani, a kuma janye wannan baiwar Allah." Ya fito, ya yi la'asar, ya ce ya tuna yana da ɗaurin aure a Tudun Wada.

Baba birkila ya zo ba a kira shi ba, ya daɗe yana duban ramin. Ya ce shi dai ƙadangare ya san yana shiga in bango ya tsage, ko a Tiga bai ga akuya ba.

Da magariba Yaya ya aiko a ce min cikin akuyarsa ya kumbura, kuɗin magani yana kaina. Ya kuma yarda a rushe bangon, da sharaɗin bulo inci 9 za a sa, ba 6 ba, kuma in yi masa filasta ta gefensa.