Makunnin Mota a Keken Lantarki

Makunnin mota, wato maɓallin da ke haɗa wuta ko ya yanke ta, an ƙera shi ne domin batir mai ƙarfin bolt 12, amma kasancewar yana da araha, kuma ramin da ke jikin keken lantarki yana karɓarsa cif-cif, wasu makanikai kan ɗora masa bolt 48, bisa ra'ayin nan na gareji mai cewa duk abin da ya shiga rami ya dace.

Wutar gida tana kai da komo, har ƙarfinta yakan sauka zuwa sifili sau 100 a daƙiƙa, lamarin da ke kashe tartsatsi da kansa. Ita kuwa wutar batir hanya ɗaya take bi ba hutu, don haka a ƙarfin bolt 48, idan haƙoran makunnin suka rabu sai ta tsallaka giɓin, ta narkar da su, wani lokaci ta yi musu walda ba tare da ta nemi kuɗin aiki ba. Daga nan makunnin yakan yi murabus daga aikin kashewa, ya bar fitila a kunne da tsakar rana.

Don kauce wa wannan matsalar, masana kan sanya rile, wato makunni mai aiki da maganaɗisu wanda aka ƙera domin ƙarfin bolt 48, tare da na'urar rage wuta zuwa bolt 12, sai ƙaramin makunnin ya koma ba da umarni kawai, kamar ogan gareji.