Fasinjojin Kwale-kwale a Hunturu

Mutumin Minanata ba ɗan ruwa ba ne, ruwan da ya fi sani shi ne na 'yan ga-ruwa. Amma da Disamba ta kama, jaura ta buso, sai ka ga wasu sun nufi tafkin Kware ko bakin Rima wajen Kwalkwalawa, wai za su shiga kwale-kwale. Nan hali ke fitowa.

Mai sutura ne ke fara isowa: suwaita biyu, babbar riga, rawani, safar hannu. Shi kaɗai ya cinye wurin mutum uku, kuɗin mutum ɗaya kuma zai biya. Ka miƙa masa rigar kariya ya ce ba ta shigarsa. Bai san in jirgi ya kife, tufafin nan da suka sha ruwa su za su hana shi motsi ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne gwanin baki. Tun daga gaɓa yake labarin yadda ya yi su a Argungu a gaban Sardauna. Sardauna ya rasu a 1966, shi kuwa ko furfura bai fara ba. Yana koya wa Basarke mai jirgin tuƙi, yana nuna masa inda kifi yake, har da yadda ake kama kada da hannu. Jirgi na ɗan karkata sai ka ji salati, ya ƙanƙame ƙafar tsohuwar da ke kusa da shi. "Sake ni, ɗan nan, ni ma ban iya ba!"

Akwai mai waya, wanda ba ya ɗaukar hoto sai a tsaye, alhali hazo ya rufe komai.

Mai baƙin labari kuwa jira yake a kai tsakiya, sannan ya ce cikin natsuwa ya ji an sako ruwan Goronyo. Daga nan ya gangara kan aljanun ruwa. Malam na gefensa ya ƙara sautin addu'a, mai buhun albasa yana tambayar wa zai biya shi.

Basarke dai da gajeren wando yake, ƙafa cikin ruwan sanyi, yana kwarfe jirgi da ƙwarya. Kalmarsa ɗaya: "Zamna!"

In za ka, bari hantsi ya dubi ludayi, ka sa rigar kariya, kuma kada ka zauna kusa da gwanin Argungu.