'Yan Dubiyar Kwamfuta

Kwamfutar da aka ɗora wa sabon Windows ta ƙi tashi farin jini gare ta. Ba a yi mata shela, amma kafin fankarta ta yi ɗumi mutum biyar sun kewaye ta, kowa da maganinsa a baki. Fuskarta baƙa wuluk, sai layi ɗaya na Turanci can sama yana cewa ta duba ba ta ga inda za ta tashi ba. Layin nan shi ne bayanin ciwon, kuma shi ne abu na ƙarshe da 'yan dubiya ke kallo.

A fara da mai ita. Kalmarsa ɗaya ce: "Wallahi, Injiniya, ban taɓa komai ba." Shi ne kuwa ya raba dare jiya da filashi a hannu. Wani ya gaya masa Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, shi kuma ya ɗauka washegari kwamfutarsa za ta cika. Ya ce sai Windows 11, wadda ba ta yarda da na'urar da ba ta da TPM 2.0, alhali tasa 'yar gwanjo ce da ta gama bautar wani ofis a Turai kafin ta hau jirgin ruwa. Da manhajar Rufus ta tambaye shi GPT yake so ko MBR, sai ya yi bisimilla ya zaɓi wanda ya fi masa daɗin faɗa. A nan gizo ke saƙa. Kwamfutar da aka saita a tsohon tsarin Legacy farkon faifai take leƙawa, inda MBR ke zama. Wadda ke kan UEFI kuwa wani ɗan ɓangare na daban take nema. Ka ajiye Windows ta wannan hanya, na'ura tana nema ta waccan, to ko shekara za ta yi ba za su haɗu ba. Mai ita bai san wannan ba, kuma ba zai faɗi abin da ya danna ba sai an yi masa tambayar 'yan sanda.

Wanda ke riga kowa kai hannu shi ne Sarkin Danne-danne. Ya san akwai madannin da ke buɗe saitin ciki, wanne ne dai bai riƙe ba. A HP F10 ne, F9 kuma ya ba ka zaɓin inda za a tashi. A Dell F2 da F12. Shi bai da lokacin wannan bambanci. Ana kunnawa zai baza yatsu goma a layin sama, ya haɗa da Esc da Del don kada a bar kowa a baya. Idan Allah ya sa wani shafi ya buɗe, sai ya waiwayo yana murmushi, ko shi bai san yatsan da ya yi aikin ba. Da a nan yake tsayawa da sauƙi. Sai ya shiga ciki yana juya duk abin da ke juyuwa. Ya tarar da AHCI ya mai da shi RAID, ya adana, ya fita. Ciwo ɗaya ya zama biyu: yanzu ko an gyara na farko, allon kuskure ne zai tare Windows a hanya, domin ba ta gane faifan da take zaune a kai.

Akwai mai busa. Shi komai ƙura ce. Zai zaro sukudireba daga aljihu, ya kwance bayan na'ura, ya ciro ram, ya goge haƙoransa da abin goge fensir, ya hura masa iska sau biyu. A yi masa adalci, dabarar tana aiki ga kwamfutar da ke ƙara ƙit-ƙit ba ta nuna komai. Amma wadda ke rubuto maka ƙorafinta da Turanci, ram ɗinta lafiya lau yake. In ya mayar da murfi, noti biyu kan yi saura a tebur. "Waɗannan dama ƙari ne," in ji shi.

Wanda na fi tsoro shi ne Malam A-Fomata. Bai tambaya, bai bincike, bai ma zauna ba. "A fomata kawai, Alhaji, a huta." An gaya masa yanzu aka gama fomatin ɗin, shi ne ma ya jawo wannan zama. Ya ce to ba a yi da kyau ba, a sake. Yana isa shafin da ake zaɓar ɓangaren faifai sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sharewa, har da wanda mai ita ya keɓe ya zuba furojet ɗin ƙanwarsa, da hotunan biki, da lissafin shago na shekara uku. Sai faifai ya zama fili fetal sannan ya ɗago kai cikin ladabi: "Af, akwai wani abu mai muhimmanci a ciki ne?" Abin haushin, wani lokaci maganin nasa yana ci, tunda share komai kan sa Windows ta tsara faifan yadda ya dace da na'urar. Wannan nasara ta tsautsayi ita ke ƙara masa ƙarfin gwiwa ya je ya yi wa wani.

Ɗan Linux ba gyara ya kawo shi ba, wa'azi ya zo yi. "Da Ubuntu ka sa, da duk wannan bai faru ba." Daga nan sai tarihin Linus Torvalds, ɗalibin Finland da ya fara Linux a 1991, sai falalar manhajar da ba a saya, sai zunuban Microsoft. Kada ka tambaye shi tasa kwamfutar. Tana cikin jaka, ta tsaya a shafin tashi na GRUB tun ranar da ya share wani ɓangare da ya ce ba shi da amfani. Duk da haka, a cikin taron nan shi kaɗai ke ɗauke da abin da zai cece ka: filashinsa na iya tayar da na'urar ba tare da ya taɓa faifai ba, ka kwashe takardunka kafin Malam A-Fomata ya iso. Kuɗin aikin shi ne ka saurari hudubar har ƙarshe.

Mai YouTube yana gefe da waya, wani Ba'indiye na yi masa bayani da sauri. Ya buɗe baƙin shafin umarni yana kwafar bootrec harafi-harafi, ya tsayar da bidiyo, ya koma baya, ya sake. Malamin nasa ya ce C, shi ma ya rubuta C, bai san a wannan shafi faifan Windows kan canza harafi ya koma D ko E ba. Ana zuwa daidai wurin da za a faɗi maganin sai data ta ƙare.

Shi kuwa dillali, irin wanda ba a rasawa a bakin kowace kasuwar waya da kwamfuta, daga titin Beirut na Kano har Ikeja, bai taɓa na'urar ba. Kallo ɗaya ya yi mata ya girgiza kai. "Bod ne ya tafi, Yallaɓai. Gyaran ya fi kuɗinta. Amma don mutunci, kawo in karɓa haka nan, ko batirin na cira." Jibi za ka gan ta a teburinsa tana sheƙi, an manna mata takardar farashi.

Na ƙarshe ba a lissafa shi cikin masu magana. Yaron shago ne, wanda ake aika sayen ruwan leda. Sai kowa ya gaji an fara batun sallar la'asar yake matsowa. Ya karanta layin da ke allo. Ya zare filashin da aka manta a jiki. Ya shiga saiti da madanni ɗaya, ya ga agogon na'urar ya koma shekarun baya, ya gane ɗan batirin CR2032 da ke riƙe saitin ya mutu, shi ya sa take mance abin da aka gaya mata da zarar an kashe. Ya mayar da AHCI inda yake, ya juya Legacy zuwa UEFI, ya ɗaga Windows saman jeri. Ɗigo-ɗigon tashin Windows suka fara zagaye.

Nan take Sarkin Danne-danne ya ce ai shi ya buɗe hanya. Mai busa ya ce ƙurar ce ta fita. Ɗan Linux ya ce za ta sake. Ogan shagon ya ce, "Kai yaro, kawo mana kujera," sannan ya juya ya yanka wa mai ita kuɗin aiki. Mai ita ya riƙe baki: dubu nawa, a kan danna abu uku? Ya ce dama shi ma haka ya yi niyyar yi jiya barci ya ɗauke shi. Tunda kuma ba wani aiki aka yi ba, a taimaka a ɗora masa Office da abin kallon fim kafin ya tafi.