Ɗan Fashin Gidan Kwano

Wanda muka yi zaman ɗaki ɗaya da shi a Gidan Kwano, a wani gidan haya da ke bakin titin Minna zuwa Bida, kusa da babbar harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya, karatun injiniya ya kawo shi. Amma da dare fashi yake yi. Kada gabanka ya faɗi, mai karatu, a sararin samaniya ne, cikin wasan kwamfuta mai suna Elite Dangerous, wanda kamfanin Frontier Developments na birnin Kambirij a Ingila ya fitar a Disambar 2014. Taurari kusan biliyan 400 aka zuba a ciki, kowa da kumbonsa, wani ya yi fatauci, wani haƙar ma'adinai. Mutumina ya ce shi bai biya kuɗin data don ya yi dako ba.

Ga yadda fashin yake. Sai ka bi bayan ɗan kasuwa, ka fisgo kumbonsa daga gudu da wata na'ura, ka ce ya zubar da kaya. Matsalar ita ce waɗanda suka ƙera wasan sun bar wa ɗan kasuwa ƙofa. In bai yi gardama ba, ya kashe gudu ya miƙa wuya, injinsa kan huce cikin kamar daƙiƙa 10. Nauyin kumbon ɗan fashi yana jinkirta mai son tserewa a cikin yankin tauraro guda, amma ba ya hana tsallakawa zuwa wani tauraron. Wanda ya san hannunsa, kafin rabin minti ya ɓace.

Shi kuwa mutumina mai ladabi ne. In ya kama mutum sai ya tsaya rubuta masa sallama da Turanci, da yatsa biyu, yana tambayata yadda ake rubuta wata kalma. Kafin ya kai aya, fili fetal.

Ranar da Allah ya ba shi sa'a, wani bawan Allah ya zubar masa da kaya ba musu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kwasa, yana cika baki cewa lu'ulu'u ne. Bai sayi na'urar leƙa rumbun kaya ba, wai ta yi tsada. Da ya duba, ashe taki ne, kashin mutanen tashoshin sama da ake kai wa manoma, wanda yake cikin kayan da suka fi kowanne araha a wasan.

Haushin wannan ya sa ya koma magana da makirfo. Wajen ƙarfe biyun dare ya riƙa daka tsawa: "Tsaya! Zubar da kayan ko in harbe ka!" A Jihar Neja, inda maganar 'yan bindiga ba abin wasa ba ce, irin wannan tsawa ba ta kwana a ɗaki. Ba a jima ba muka ji bugun ƙofa: mai gida ne da tocila, bayansa 'yan banga da gora.

"Ina bindigar?"

"Baba, wallahi a cikin kwamfuta take."

Dattijon ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaya nawa aka samu a fashin. Da aka ce masa taki ne, sai ya ce gara a kai gonarsa.

Washegari mutumina ya tuba ya zama ɗan kasuwa, nan take kuma ra'ayinsa ya juye. Jiya ƙofar tserewa ta yi faɗi, yau ta yi ƙunci. Wannan gardamar ce 'yan wasan suka shekara suna yi. 'Yan fashi na cewa in kowa zai kuɓuce, sana'arsu ta mutu. 'Yan kasuwa na cewa in an toshe ƙofar, su ne da asarar kaya da biyan inshorar kashi 5 cikin 100 na kuɗin kumbo, don haka sai su koma ɓangaren Solo inda ba ɗan Adam ko ɗaya. A ganina 'yan kasuwa sun fi hujja, domin ɗan fashi ba shi da abin yi a hanyar da ba matafiyi.

Akwai hanyar tserewa guda da kamfanin ya haramta: katse intanet ko kashe wasan da gangan ana tsakiyar faɗa. Mai son fita ta halal sai ya jira daƙiƙa 15. To, ranar da wani Bature ya tare mutumina da rumbu cike da zinariya, ya fara ƙirga masa lokaci, sai aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar ya daɗe da rasuwa. Kumbo ya ɓace ɓat, zinariya ta tsira.

Da wuta ta dawo, ya tarar da saƙo: matsoraci, mai zare waya, za a kai ƙararsa. Ya zauna ya rubuta dogon bayani a kan yadda wuta take a unguwarmu. Baturen ya amsa da cewa ƙaryar ma ba ta yi kama da gaskiya ba, ya toshe shi.