Wasiƙa Zuwa Ga Malam Date Na Gidan JavaScript

Bari in fara raɗa maka suna. Lissafinka ya soma ne daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970, ranar kuwa Alhamis ce, don haka daga yau Ɗanlami zan riƙa kiranka.

Ɗanlami, wa ya koya maka ƙirga? Na tambaye ka lambar Janairu, ka ce sifiri. Disamba kuma 11. Na ce to, ƙila al'adar gidanku ce, sai na zo kan kwanakin wata na tarar daga 1 ka fara kamar kowa. Da wannan ka sa manhajar da na rubuta wa wata makaranta ta kai jarrabawar Maris cikin Afrilu. Ɗalibai suna ta sa maka albarka, ni kuwa shugaban makaranta ya wanke ni tas.

Ranakun mako ma ba su tsira ba. Lahadi, wadda asalin sunanta "ɗaya" ne a Larabci, ka ba ta sifiri. Alhamis ɗinka da ke ɗauke da "biyar" a sunanta, ka rage mata zuwa 4. Maƙwabcinka Python kuma Litinin ya bai wa sifiri, ya tura Lahadi 6. Ko gaisawa ba kwa yi ne?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ka iya cewa a'a. A ba ka 31 ga Fabrairun 2023, ba musu ba tambaya, sai ka miƙo 3 ga Maris kana murmushi. Kunya ce ko munafunci? Kuma ba mu manta ba, da 2000 ta kama ka ce shekara ta 100 ce, har shafuka suka wayi gari a 19100.

Na san uzurinka. Kwana goma Brendan Eich ya yi yana gina gidanku a 1995, kai kuma daga Java aka aro ka. Ai zanen aro ba ya rufe katara, balle mai zanen ma ya yar da yawancinsa tun 1997.

Ga magajinka Temporal nan ya fara isowa, Janairunsa 1 ne. Kafin ya gama sauke kaya, don Allah in na ba ka ranar da babu ita, ka ce mini babu.

Naka,
Mai ƙara maka ɗaya a kowane wata.