Wa Ya Gaya wa Wanda Ya Gaya Maka?

Kafin ku faɗa bari in riga ku: e, an biya ni. Na san tun ba a kai layi na uku ba wani a majalisar mai shayi ta Unguwar Dosa ya tura hula gaba ya ce, "Wannan ɗan bokon kwangila aka ba shi." To Alhaji, in ka san ofishin da ake biyan, don Allah ka yi mini kwatance, domin mai gidan haya ya fara yi mini sallama da ƙarfi.

Ku ne masu ido a buɗe, ba a yi muku wayo. Rediyo ta faɗi magana, kun ce an tace. Likita ya faɗa, kun ce Turawa suka biya masa karatun. Gwamnati ta faɗa, wannan kam ko ni sai na sake dubawa. Duk ban ƙi ba. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mutumin nan da ya ƙaryata rediyo da likita da gwamnati, shi ne zai tashe ni da asuba da saƙon murya a WhatsApp, na wani bawan Allah marar suna, yana magana ƙasa-ƙasa, zakara na cara a bayansa, wai shi babban jami'i ne kuma an hana a faɗa. Wannan an haɗiye shi ko ruwa ba a nema ba. Ina shakkar ta tafi, Malam? Ko ita ma ba ta fara aiki sai bayan karin kumallo?

Kada wanda ya ce mini bai yi wankan gishiri ba. Watan Agustan 2014 ne, bayan Ebola ta shigo Legas ta jikin Patrick Sawyer, mutumin Laberiya. Cikin dare waya ta dinga kuka daga Kawo har Rigasa: a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, kafin gari ya waye. Iyaye suka tashi yara cikin magagin barci, aka tsaya layi a bakin bayi da bokiti. Masu hawan jini suka kwankwaɗi ruwan gishiri, a wasu jihohin har aka yi asarar rai. Ebola kuwa ko gadar Kaduna ba ta gani ba, likitocin Legas irin su marigayiya Stella Adadevoh suka tare ta, kuma a watan Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta ƙare a Najeriya. Na ji Hajiya daga can tana cewa, "Ai gishirin ne ya kore ta." Allah ya ƙara lafiya, Hajiya. Waɗanda suka yi barcinsu ba su yi wankan ba fa, me ya kore musu ita?

Sai batun Jibrin na Sudan. Buhari ya yi jinyar fiye da kwana 100 a Landan a 2017, ya dawo ya murmure, sai Nnamdi Kanu ya ce ai mutumin ya rasu, wani Basudane aka ɗauko aka yi wa gyaran fuska. Abin ya yi ƙamari har sai da shugaban ƙasa da kansa, a gaban 'yan Najeriya mazauna Poland a watan Disambar 2018, ya tsaya yana tabbatar wa duniya cewa shi ne shi. Ku duba irin aikin da za a ce an yi. A samo mutum mai tsawonsa da wushiryarsa da Hausarsa ta Daura, a koya masa sunayen jikoki, a rufe bakin iyali da dogarai da likitoci da tsofaffin abokan aikin soja da maƙwabtansa na nan Kaduna, kuma duk cikinsu a rasa mai tsegumi ko ɗaya. A ƙasar nan? Inda in aka sa ranar ɗaurin aure a asirce bayan Magariba, kafin Isha'i an fara tambayar kalar anko?

Yanzu kun fara hura hanci, kuna cewa wato ni a wurina ba a taɓa ƙulla makirci ba a duniya. Sannu-sannu dai. Ni ɗan garin nan ne, kuma garin nan ya ga makirci da idonsa. Ku bi ta titin Rabah ku shiga Arewa House, nan ne gidan Sardauna. Daren 15 ga Janairun 1966 an fitar da sojoji da sunan atisayen dare, yawancinsu ba su san inda za a kai su ba, Manjo Nzeogwu da 'yan tsirarun abokan shawararsa kaɗai suka sani. Kafin asuba an kashe Firimiya. A ranar 5 ga Yulin 1984 an sace Umaru Dikko, ministan sufuri na zamanin Shagari, a ƙofar gidansa a Landan, aka yi masa allurar barci, aka cusa shi a akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila mai kula da numfashinsa, aka kai filin jirgin Stansted za a yo Legas da shi. Da a majalisa aka fara ba ni wannan labari, da na ce mai shayi ya cika wa mai maganar siga. Ga na Kano kuma: a 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin IDH, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya amince da sasantawar dala miliyan 75 da gwamnatin Kano. A Pakistan ma hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin ciwon hanta a 2011 tana farautar Usama bin Laden. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma dole ya yi tsalle, kuma ba ni da bakin yi masa dariya.

Hukuma ma ita ke zuba wa jita-jita taki. An fita da 'Yar'aduwa zuwa Jidda a watan Nuwambar 2009, aka yi wata da watanni ba wanda ya gan shi, sai wata murya a BBC, sannan aka dawo da shi cikin duhun dare. Mutanen da aka yi wa haka, in bayan shekara bakwai aka ce musu an sauya shugaban ƙasa, ai biri ya yi kama da mutum. Lokacin korona kuka ce kwangila ce, mu muka ce ku ji tsoron Allah, sai ga shi a watan Oktoban 2020 an fasa rumbuna a jihohi an tarar da kayan tallafi jibge. Ranar nan ba mu iya haɗa ido da ku ba.

To amma ku lura da abu guda a cikin duk waɗannan na gaskiyar. Kowannensu yana da suna, da rana, da wuri, da wanda ya tona. Akwatin Dikko wani jami'in kwastan ne ya sa aka buɗe, kotun Ingila ta ɗaure mutum huɗu. Maganar Trovan 'yan jarida suka bi diddigi, jaridar Washington Post ta fasa ƙwai a shekarar 2000, lauyoyi suka ɗauka. Makircin gaske yana barin sawu, kuma in an bi sawun ana kaiwa ga ƙofar wani. Naku kuwa shekara ashirin ana bi, kullum amsar ɗaya ce: "su" ne. Su wa? "Kai dai ka bari." In na ce ina hujja, ku ce an ɓoye. In na kawo hujjar da ta saɓa, ku ce ƙirƙira aka yi. In na yi shiru, ku ce jikina ya yi sanyi. Na taɓa tambayar wani dattijo abin da zai gani ya sauya ra'ayi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, ko na gani da idona ba zan yarda ba." Mai wannan magana ya bar shakka tun tuni, ya koma taurin kai.

Kuma ba don ba ku iya ba ne. Na ga Alhaji a Panteka yana sayen tsohon injin ban ruwa. Ya juya shi ciki da bai, ya ƙwanƙwasa da makulli yana saurare, ya kankare fentin da farce don ya ga ko an rufe tsaga, ya sa yaron shago ya zuba mai a tayar, ya sa tafin hannu a bakin bututu, ya kira makanikinsa a waya, ya yi kamar zai tafi har sau biyu. Mai kaya ya rantse, Alhaji ya ce rantsuwa ba ta tayar da inji. A kan abin da bai wuce kuɗin buhun masara biyu ba ke nan. Da yamma kuma aka turo masa bidiyo cewa ƙarfen sabis na 5G ne ke kawo korona, a lokacin da ba a ma fara sayar da 5G ɗin a Najeriya ba sai 2022, ya tura wa zaure goma sha, har da na 'yan uwan matarsa, ya ƙara da "a yaɗa saboda Allah".

Saboda Allah ɗin nan ne ma ya fi ba ni mamaki, domin in ana maganar tantance labari, mu aka bar wa gado. Ku zauna karatun hadisi a masallacin Sultan Bello ku ji yadda malamai ke bin isnadi: wane ya ji daga wane, shin sun ma yi zamani ɗaya, shin sun haɗu, yaya ƙwaƙwalwarsa, an taɓa kama shi da ƙarya? In aka samu mutum guda a tsakiya wanda ba a san ko wane ne ba, an ajiye ruwayar gefe, komai daɗinta. Suratul Hujurati ma ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. To mu gwada isnadin saƙon jiya. Kai ka ji daga ƙanin matarka, shi ya ji daga wani direba a tashar Kawo, direban ya ɗauko wani fasinja, fasinjan yana da maƙwabci soja. Sunan sojan? Ba a faɗa. Barikinsa? Sirri ne. Da Imamu Buhari aka kai wa wannan, ko tabarma ba zai sa a shimfiɗa muku ba.

Na san abin da ke cikinsa, don ni ma ina jin daɗinsa. Akwai wani garɗi a ce duk majalisa kai kaɗai ka san abin da ke ƙarƙashin tabarma, ka rage murya, ka waiga hagu da dama, mai shayi ya tsaya da juya cokali. Zuciya kuma ba ta son a ce babban abu ƙaramin dalili ya kawo shi. Abacha guda, a ce dare ɗaya a watan Yunin 1998 ya faɗi ya mutu kamar kowa? Ina, sai dai a ce tuffa mai guba aka ba shi. Sannan ya fi sauƙi a ce Turawa ke son ƙarar da mu da a ce kwatar ƙofar gidanmu ce ta toshe sauro ya samu masauki. Bature yana nesa, zaginsa ba ya buƙatar shebur.

Inda wasan ke ƙarewa shi ne wurin yara. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da nan Kaduna, bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, da aka kawo na ƙasar Indonesiya. A sanadin haka cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, kuma yaran da ta shanye wa ƙafa a lokacin yanzu magidanta ne, kuna ganinsu a kan kekunan guragu. A 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Sai 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Tambayar da mutane suka yi a lokacin mai ma'ana ce: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai mun saya? Ta cancanci amsa, kuma ba a ba da ita da wuri ba. Amma batun hana haihuwa, jama'a, shekara nawa ana ɗiga wa yara abin nan a baki? Ku leƙa ajin firamaren gwamnati a Rigasa ku gani ko akwai wurin sa ƙafa. Ni dai kuɗin da nake kashewa a barka da suna duk wata ya isa shaida. In wannan ne maganin hana haihuwar, to wanda ya haɗa shi ya cuci waɗanda suka ba shi aikin.

Ku kuma 'yan bokon Malali da Unguwar Rimi da kuke ta gyaɗa kai kuna murmushi, ku sauke ƙafa daga kan kujera, da ku ma nake. Naku saƙon da Turanci yake zuwa, da hoton wani mai farar riga da sunan jami'ar da ba ku taɓa bincika ko akwai ta ba, shi ke nan ya zama ilimi. Kun raina mai shayi, amma ku ne kuka fi kowa tura maganar 5G.

Abin dariyar ma, mu da muke zargin duniya, mu duniya ke zargi. Ku je Legas ko Jos ku ce daga Kaduna kuke, za a ba ku labarin Kaduna Mafiya: wai wasu 'yan boko da tsofaffin manyan ma'aikata da sojoji, masu alaƙa da jaridar New Nigerian ta titin Ahmadu Bello, su ke naɗa shugaban ƙasa su sauke shi. Ana ambaton su Adamu Ciroma da Mamman Daura, waɗanda duk sun riƙe editan jaridar, har malaman Jami'ar Jos suka fitar da littafi sukutum a kan maganar a 1987. Cewa akwai manya masu faɗa a ji da suka san juna, suna ɗaga waya a yi musu abu, wannan ba mai musu. Amma yadda ake ba da labarin a Kudu, sai ka ɗauka ko ruwan sama sai da izininsu yake sauka. Wani abokin hira a jirgin ƙasan Abuja ya rantse mini cewa har gobe suna taro duk daren Juma'a a wani gida a cikin garin nan. Na tambaye shi wa ya gaya masa, ya ce wani ne da ya sani. Ya kuma dube ni da kyau ya ce ai ba zan amsa ba, tunda ni ma ɗan Kaduna ne.

To in akwai mai lambar wayarsu a cikinku, ya taimaka ya isar musu da saƙo: mutanen da ke juya Najeriya da ɗan yatsa, a daure a turo mana ruwan famfo unguwarmu, ko sau biyu ne a mako.