Jikokina Masu Siminti, Ku Matso Kusa

Na ji ku. Labari ya iso mini har ƙarƙashin rumfar rakuba cewa kun yi mini dariya har da riƙe ciki, wai tsohon nan na Rusairis ta Sudan ya ce ginin ƙasa ilimi ne. Wani a cikinku, mai sabon gashin baki da wayar da ta fi tafin hannunsa faɗi, ya ce gini sai muhandis mai takarda da awo, sauran kuwa kwaɓa laka ne, ko zanzaro ya iya. Ban ji haushi ba. Tsakanin kaka da jika ai sai wasa, kuma bakina bai mutu ba. Ku zubo jabana, wato gahawa, ku matso.

Tambaya ɗaya tak. Mene ne tubali? Na ji kun ce bulo. Kun faɗi tun a ƙofar gida. Bulo a akwati ake buga shi, kusurwa huɗu. Tubali da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana. Wajen gini tsinin ne ke kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya taso da kauri a gindi yana sirancewa, don nauyi ya zauna inda ya kamata. Ƙasar ma ba kowace ba ce. Maginan Kano da Zazzau birji suke nema, su jiƙa, su zuba ciyawa, su tattake da ƙafa, su bar ta kwanaki ta tsimu, su sake tattakewa. Zanzaron naku ya yi wannan mu gani.

Sai azara. Wannan kam kun san uwarta, giginya, wadda maƙwabtanmu ke kira daleb. Ana tsaga gangar jikinta tsawo-tsawo, gara ba ta cika yi mata ɓarna ba, ga ƙarfi. Sai dai tana da iyaka: in aka ɗora mata ƙasar rufi, tazarar da za ta ɗauka ba ta cika kai mita 2 ba. To ga ɗaki mai faɗin mita 7 ko 8, ba ginshiƙi a tsakiya. Yaya za a rufe shi? Kai mai gashin baki, tambayi wayarka, ina jira.

Amsar ita ce bakan gizo, kuma ba na sama nake nufi ba. Magini zai kafa azara cikin bango ta ɗan leƙo, ya ɗaura wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa tana sunkuyawa, gaɓa bayan gaɓa, daga nan da can, har hannuwan biyu su gaisa a tsakiya. Sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa, a gyara lanƙwasar da hannu har ta yi sumul. Itace na riƙe ja, ƙasa na riƙe danni. Rodi a cikin kankare da kuke ta yi mana taƙama da shi, ai wannan dabarar ce ta sa wando. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, kamar yadda ake ɗaure bakin guga, sunan aikin ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa take zama, wato ƙubba. Wasu ma sai su liƙa tasa ko faranti a daidai mahaɗar, ka ɗaga kai ka ga tana ƙyalli. Kada ku ce ƙauyanci ne, don Nubawan Wadi Halfa ma da faranti suke ƙawata ƙofofin gidajensu.

Wanda ya kai wannan aiki maƙura shi ne Muhammadu Durugu, da ake wa laƙabi da Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Babu takarda, babu siminti ko cokali ɗaya. Bayan shekara ɗari da ɗoriya wani muhandis ɗan Folan, Dmochowski, ya zo da ma'auninsa yana bin gine-ginen Hausa yana zanawa ɗaya bayan ɗaya. Wato mai takarda ne ya zo ɗaukar karatu wajen mai laka.

Na ga hannu a baya. Faɗi, ɗan nan. "To Kaka, in haka ne, ina bakan gizon a Rusairis? Ina soron a Mai Wurno?" Madalla, yau ka yi tambayar masu hankali, Allah ya sa ta ɗore. Gaskiyarka, ba kasafai za ka gan su a nan ba. Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka zauna tare da Muhammadu Bello Mai Wurno a bakin kogin nan wajen 1906, da mahajjatan da guzuri ya ƙare musu suka tsaya noman auduga bayan an buɗe gonakin Jazira a 1925, ba fada suka zo ginawa ba. Yawancinsu ma cewa suke gobe za su wuce Makka. Wa zai ɗaura guga a masauki?

Ga kuma ƙasar kanta. Baƙar ƙasar nan tamu in ta sha ruwan damina kumbura take, in rani ya yi ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa. Ka ɗora mata soro mai nauyin ƙasa a ka, shekara biyu ta raba shi gida biyu. Da kiɗa ya sauya sai rawa ta sauya. Suka koyi jalus wurin mutanen ƙasa: a ɗora laka layi guda, a bar shi ya sha iska, a dawo a ɗora wani. Suka yi gutiyya mai hular ciyawa, wadda dama ƙanwar bukkarmu ce, mara nauyi, in ƙasa ta motsa ta motsa tare da ita. Amma ku duba tsarin gidan kakanku. Baƙo bai isa ya faɗa cikin gida kai tsaye ba, sai ya tsaya inda maza ke zama. Ku kira shi diwan in kuna so, ni zaure na sani.

Yanzu ga inda kuke toshe hanci: zibala. Wai kashin dabbobi a jikin bango, Kaka? E, shi. Shi ke hana ruwan sama cin jalus. A ƙasar Hausa makuba ake yi da ɓawon ɗorawa, bango ya yi ja-ja yana turo ruwa. Masu hali kuma laso suke sa wa rufi: katsi daga gindin marina, gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Marini ya ba da shararsa, majemi ya ba da tasa, magini ya haɗa su ruwa ya rasa ta inda zai shiga. Ruwan da ya taru a ka kuwa indararo ke tofar da shi nesa da gindin bango. Gefen rufin da ya ɗan taso sunansa rawani, ƙahonnin kusurwa kuma zanko, kamar na kan yaro. Kun ga gini ne da aka yi wa sutura irin ta mutum. A fuskar gida sai zane, a yi dagi mai sarƙaƙiya tun yaɓe na ɗanye. Da zamani ya zo magina suka riƙa zana keke da agogo da jirgin sama a bango. Da sun kai yau, da wayar nan taka ta hau bango, mai gashin baki.

Ba na ɓoye muku aibinsa. Ginin ƙasa kamar jariri yake, kowace shekara yana son a taɓa shi, in aka yi sakaci damina uku sai a nemi wurin kwana. Amma ku ma ku faɗi naku. Dam ɗin nan na Rusairis da aka gama a 1966, aka ƙara masa mita 10 a 2013, na yarda sai kankare, ban ce a tare kogi da tubali ba. Ɗakin kwana fa? Watan Afrilu na yi, wa nake gani yana jan gadon angareb zuwa tsakar gida da tsakar dare, don kwanon rufi ya mai da ɗaki tanda? Kuma wancan bangon bulo na bayan kasuwa da ya tsage daga sama har ƙasa, ƙadangaru suna shiga suna fita kamar sun biya haya, da laka aka yi shi?

In lambar yabo kuke so, akwai. Falke Barmu, magini a ƙauyen Yama ta ƙasar Nijar, ya fara masallacin ƙasa a 1962, a 1986 aka ba aikin kyautar Aga Khan ta gine-gine. Hasan Fathi na Masar, muhandis mai takarda irin wanda kuke so, da zai gina sabon ƙauyen Gurna sai da ya je ya ɗauko maginan Nuba.

Hadari ya fara haɗowa ta kudu, bangona na gabas kuma yana son zibala. Na riga na jiƙa tun shekaranjiya, ta tsimu, ƙamshinta har gidan maƙwabta. Mai gashin baki, tunda ko zanzaro ya iya, gobe bayan asuba ina jiranka. Ka naɗe wando, ka bar wayar a gida.